Rabin Gidan Mama Oge

In baƙo ya sauka Kafanchan ya ce a kai shi ya ga gidan kallo, ba wanda zai kawo shi layinmu. Gidajenmu irin waɗanda ake ce wa gidan reluwe ne, na ma'aikatan jirgin ƙasa, in ka ga ɗaya ka ga duka: dogon gini ƙasa-ƙasa, ƙofa biyu, baranda mai ginshiƙan ƙarfe, rufin kwano ya sauko kamar hular da ta yi wa mai ita yawa. Kowane gini iyali biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, bango ɗaya a tsakaninsu, rufi ɗaya a kansu. Tagwaye muke ce musu. Namu ma ba hukumar jirgi ce ta gina ba. Iyayenmu ne ma'aikatan jirgi suka yi ƙungiya, suka kwaikwayi fasalin kwatas ɗin da suka saba zama, suka buga bulo iri ɗaya, suka jera su. Ko tunanin canza wa taga wuri ba wanda ya yi. Har yau ana ba da labarin marigayi babana, ranar da burkutu ya fi ƙarfinsa ya faɗa gidan mutane ya rataye hularsa, don ƙusar ma a wuri ɗaya take a kowane falo.

Ni sunana Emilia. A layin nan aka haife ni, a nan na tsufa a kan keken ɗinki a barandarmu, kuma ina son gidajen nan, ban ga dalilin ɓoyewa ba. Bulonsu mai kauri ne, ana tsakiyar zafin Maris za ka shiga ɗaki ka nemi mayafi. Can sama kusa da rufi akwai ’yan ramukan iska a jere, hayaƙi ya fita, sanyi ya shigo. In ƙyauren taga ya ruɓe kafinta ba ya zuwa da abin awo, ya san girmansa tun yana koyon aiki. Labulen da na ɗinka wa gida ɗaya zai shiga kowane gida a layin. Abin da ya fi min daɗi kuwa, ba wanda ya isa ya yi wa wani fankama. Direban jirgi da mai sharar tasha falonsu ɗaya ne, in ka ce naka ya fi sai a tambaye ka ta ina.

Muna da wata al'ada da ban ji ta a wata unguwa ba. In Disamba ta kama ana shafe gidaje da farar ƙasa, a ja baƙin layi na kwalta a gindin bango saboda feshin ruwan sama. Amma ba mai shafe gefensa. Kai za ka shafe na wanda kuke rufi ɗaya da shi, shi kuma ya shafe naka. Tsofaffi sun ce da can faɗa ake sha, wannan ya kai tsintsiyarsa iyaka ya tsaya, wancan ya ce an ɗiga masa a ƙofa, gida ɗaya ya fito kala biyu. Sai ƙungiya ta yanke a yi musanye, aka huta, don mutum yana iya yi wa kansa ha'inci amma da kunya ya yi wa wanda ke tsaye yana kallonsa. Ni gefen maƙwabciyata Zamzam nake shafewa. Ita ba ta Kirsimeti, amma ba ta taɓa fashin shekara ba, kuma har yau cewa take hannuna ya cika barin zane.

Doka ta biyu ta rufi ce. Katako ɗaya ne dogo ya ratsa daga wannan ƙarshen gini zuwa wancan, shi ke ɗauke da rufin duka. Saboda haka ba kafintan da zai hau kan tagwaye da guduma sai ya ji "na yarda" daga dama, ya ji "na yarda" daga hagu. Ku riƙe wannan, don ta nan aka ci amanar Mama Oge.

Gidansu ne ke kallon nawa. Sunanta Uzoamaka, amma tun da ta haifi ’yarta Oge ba wanda ya sake kiranta da shi. Ina ’yar yarinya jirgi ya kawo ta daga wajen Enugu, amarya, da akwatin ƙarfe a ka, ko "zo" ba ta ji da Hausa. Mijinta Ignatius makanikin kan jirgi ne a loko, wato wurin gyaran jirage, mutum mai shiru, kullum hannunsa da baƙin mai. Gefen hagu ya gada daga babansa. A dama akwai Kambai mai canza wa jirgi layi, da matarsa Yemima, ’yar Fadan Kaje, doguwa, in ta yi dariya ana ji har bakin titi.

A bangon tsakiya, tsakanin kicin da kicin, akwai gurbin bulo ɗaya da aka bari a buɗe. Duk tagwaye suna da shi, tagar gishiri muke ce masa. Ta nan ake miƙa garwashi da gishiri da barkono, ta nan gulma ke wucewa. Ta wannan tagar Mama Oge ta koyi Hausa. Yemima za ta miƙo albasa ta ce "albasa", ba za ta saki ba sai an maimaita. Shi ya sa in Mama Oge ta buɗe baki za ka rantse a Fadan Kaje aka yanke mata cibi, mace ma "kai" take ce mata kamar yadda Yemima ke yi, sai in ranta ya ɓaci yarensu ya kuɓuce mata.

Sana'arta okpa, wato alalen gurjiya irin na ƙasarsu, da manja, a ƙunshe a ganye. Lokacin da jirgi yake jirgi, da ta ji usur za ta ɗauki faranti ta nufi tasha, hannuwa na ta fitowa ta tagogi, kafin jirgin Fatakwal ya ɗaga faranti ya zama wayam. Da jirgi ya ɗauke ƙafa, ciyawa ta rufe layin dogo, sai ta koma tashar mota. Ba ta yi arziki ba, amma da okpan nan ta kai Oge makarantar koyon aikin jinya.

Yemima ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Azariya. In lokacin aikin citta ya yi ta tafi gonarsu a ƙauye, a bayan Mama Oge yaron yake wuni. Okpan farko da ya fito daga tukunya nasa ne, ko Oge sai ta jira. Da ƙyanda ta kama shi, Mama Oge ta bar tasha ta zauna da shi har ya warke. "Yaro na" take ce masa, shi kuma bai taɓa ce mata komai ba sai Mama.

Sama da shekara arba'in Mama Oge ba ta taɓa sa tsintsiya a bangonta ba, gefen Yemima ne nata. Ta san shi kamar tafin hannunta, ta san tsagar da ke ƙasan taga, ta san inda keken Kambai ya goge bango, ta san kusurwar da ke shan farar ƙasa sai an yi mata sau biyu. Kowa za ta fara daga can ƙarshe, su haɗu a tsakiyar baranda, wadda ta zo a baya ita za ta yi girkin ranar. Kullum Yemima ce ke zuwa a baya saboda surutu, kullum kuma sai ta ce an yi mata wayo.

Kambai ne ya fara rasuwa, bayan ’yan shekaru Ignatius ya bi shi, a ƙarshen wata damina. Mama Oge ta raka gawar mijinta gida kamar yadda suke yi. A lokacin Oge ta yi aure tana aiki a Kagarko, dangin miji kuma suka ce ta zauna, me ya rage mata a Arewa? Mu nan har mun fara cewa shi ke nan. Sai ga ta farkon Disamba ta sauko daga mota, kai a aske, cikin kayan takaba.

Na ce, "Mama, ba su ce ki zauna ba?"

Ta ce, "Sun ce. Na ce musu Disamba ya kama, wa zai shafa gefen Yemima?"

Da kayan takabar ta yi shafen shekarar. Yemima na ɗaya ƙarshen tana shafa tana sharar hawaye da gefen zane.

Azariya kuwa ya girma ya tafi Abuja, ya shiga harkar kayan gini, Allah ya buɗa masa. Ya fara zuwa da motar da ba ta iya juyawa a layinmu. Wata Kirsimeti ya zo da abokansa, ɗaya daga cikinsu ya dubi gidan ya tambaye shi ina babban gidan yake, a zatonsa wannan ɗakin masu aiki ne. Dariya aka yi, amma tun daga ranar gidan ya tsaya wa Azariya a rai. Bai daɗe ba ya dawo ya zauna a falon Mama Oge, ya ce yana so ya rushe gefensu ya gina wa mahaifiyarsa bene a filin ubansa. Sai dai ba yadda za a cire gefe ɗaya ba a ɗaga rufin duka ba, shi ne ya zo neman yardarta.

Ta zuba masa okpa, ta bari ya ci ya sha ruwa, sannan ta ce, "Azariya, ka nemi fili a bayan gari ka gina wa maman ka abin da ka so. Ranar buɗewa ni zan fara rawa. Amma gidan nan jiki ɗaya ne. Rufin nan ban yarda a taɓa ba."

Yemima na kicin tana ji ta tagar gishiri, ta ɗaga murya yadda har ni a kan keke na ji. "Ka ji ko? Ni da Mama Oge, sai dai a fitar da mu cikin akwati!"

Na ji wannan maganar da kunnena, kuma har in mutu ba zan manta da ita ba.

Damina biyu ta wuce, ba a sake tayar da zancen ba. Rufin kuwa ya tsufa, gaskiya ne, in ruwa ya sauko sai ka ga robobi da tukwane a jere a tsakar falo, dama da hagu. Ana cikin haka Oge ta samu ciki bayan dogon jira. A al'adarsu, in ’ya ta haihu uwa ce ke zuwa ta zauna mata wata da watanni, ta yi mata wankan jego, ta yi rainon jariri, omugwo suke ce masa. Duk layin nan ba wanda bai san Mama Oge za ta tafi Kagarko bayan sabuwar shekara ba, don ko mai sayen okpa sai ta gaya masa.

Disambar shekarar suka yi shafensu kamar kullum. Mama Oge ta cike tsagar ƙasan tagar Yemima da siminti, ta bi kusurwar nan sau biyu. Bayan Kirsimeti da ’yan kwanaki sai na ga Yemima ta fito da zanen zumuntar matan cocinsu, ta zagayo ta ƙofar gaba ta yi sallama. Abin ya ba ni mamaki, don tsakaninsu magana ta tagar gishiri take wucewa. A baranda suka zauna.

Yemima ta ce, "Mama Oge, Ubangiji ya taɓa zuciyar yaron ka. Ya bar maganar bene. Zai sake mana rufi, naka da nawa, sabon kwano."

"Duka biyu?"

"Duka biyu. Tun da za ka je wurin Oge, sai a yi a bayan ka, kada ƙara ya dame ka."

Tsohuwar nan ta miƙe ta yi rawa a baranda, tana yabon Ubangiji da Hausa da yarensu. Ita da kanta ta aika aka kira Meshak, kafintan layinmu, ta ce masa "na yarda" da ƙarfi har sau biyu don kowa ya ji. Muka kwashe kayanta, wasu ɗakina, wasu ɗakin Zamzam. Ranar tafiya ta danƙa wa Yemima makulli. Yemima ta yi ta ɗaure shi a bakin zane tana kwancewa, ba ta ɗaga ido ba. Na ɗauka kewa ce.

Satin da ya biyo baya Yemima ta ce ƙafa ta matsa mata, ta tafi wurin ƙanwarta a Zonkwa. Meshak da mutanensa suka hau suka cire kwano tsaf. Suna gamawa Azariya ya nuna masa dogon katakon nan ya ce ya yanke shi daidai bangon tsakiya. Meshak ya dube shi, ya sauko daga tsani ya ce ba aikin da aka kira shi ke nan ba, ya tattara kayansa ya tafi. Washegari da safe mota ta sauke wasu baƙin ma'aikata da manyan guduma. Bugun farko a kan tagar da Mama Oge ta cike tsagarta ya sauka, farar ƙasar ko datti ba ta fara yi ba.

Na kira Mama Oge a waya. Na ce, "Mama, ana rushe gefen Mama Azariya."

Ta yi dariya. "Emilia, kai da bakin ka. Yanzu na ajiye waya da Yemima. Ya ce rufi ne kawai, ƙila suna gyara kan bango."

"Da idona nake gani, Mama."

"Yemima zai yi min ƙarya? Je ka yi ɗinkin ka."

Na tura wa Oge hoto. Ta kira ni tana kuka, ta roƙe ni in yi shiru, jinin uwarta yana hawa, ita kuma aiki aka yi mata kafin a ciro jaririn, ba ta da mai riƙe ta. Dattawan layi suka je suka sami Azariya. Ya ce musu dama ta yarda a ɗaga rufi, hagu ta yarda, fili kuma na ubansa ne, wace doka ya karya? Dattawa suka juya suka tafi. Ni dai na tsaya a bakin hanya na wanke shi tas, na tuna masa bayan da ya goya shi da okpan da ya ci. Ya ce min, "Anti, ki yi haƙuri," ya ɗaga gilashin motarsa.

Ana dab da faɗuwar ruwa Mama Oge ta dawo. Keke Napep ya sauke ta da buhun busasshen kifi da turmin atamfa da surukinta ya ba ta, wanda ta ce tun a waya za su raba da Yemima su yi anko. Ta sallami mai keken, ta juyo, sai ta tsaya.

Gefenta yana nan, an rufe shi da jan kwano mai sheƙi, aiki mai kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma rufin ya hau ya kai tsakiya ya tsaya cak, kamar burodin da aka gutsure rabi. Inda gefen Yemima yake, ginin bene ya tashi har an fara hawa na biyu, an zagaye shi da katanga mai tsawo. Bangon tsakiya kawai aka bari, don shi ke riƙe da ɗakunan Mama Oge. Abin da yake cikin ɗakin Yemima a da, yanzu shi ne waje. Ga shuɗin fentin falonta, ga ƙusar da Kambai ke rataye hula, ga baƙin hayaƙin kicin ya yi sama, duk a waje, in ka leƙa za ka gani. Tsakanin bangon da katangar Azariya ɗan lungu ne da mutum ba zai shiga ba sai a karkace. Tagar gishiri tana nan, tana kallon bulon katanga.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ajiye turmin atamfar a ƙasa, ta zauna a kan buhun kifi a tsakiyar hanya, ta yi ta kallo har sai da ni da Zamzam muka kama ta muka shigar da ita.

Da yamma Azariya ya zo da kwalin lemo, ya rusuna a bakin ƙofa. "Mama, sannu da hanya. Kin ga rufinki? Ko digo ɗaya ba zai sake shigo miki ba. Na cika alkawari ko ban cika ba?"

Ta dube shi. Ta ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka, yaro na. Maman ka ya sani?"

Ya sosa ƙeya. "Mama, ai ita ta zaɓi kalar tayil tun watan Nuwamba."

Tun Nuwamba. Wato ranar da Mama Oge ke durƙushe tana cike tsagar taga da siminti, Yemima na ɗaya ƙarshen da tsintsiya a hannu, ta san bangon ba zai ga Ista ba, kuma ta bar ta ta yi masa shafe biyu. Ni a nan abin ya fi ci min rai. Azariya yaro ne da kuɗi ya hau masa kai, irinsa sun cika gari. Amma Yemima!

Mama Oge ta ce masa, "To. Ka gaishe shi." Lemon kuwa a baranda ya kwana, har yaran layi suka yi gaba da shi.

Ƙarshen damina aka gama bene, aka yi addu'ar buɗe gida da fasto da ’yan zumunta da ganguna, Yemima ta tare a ɗakin ƙasa. An aiko wa Mama Oge da shinkafa a kula, ta karɓa ta gode, ta ba masu gadin tashar mota. Cocinsu ba ɗaya ba ne, don haka ba sa haɗuwa. Daga get ɗin bene zuwa barandar Mama Oge ko yaro mai rarrafe zai kai, amma Yemima ba ta taka ba.

Ni na haɗu da ita a kasuwa wurin masu manja. Na so in wuce, ta riƙe min hannu. Ta rame, dariyar nan duk babu.

Ta ce, "Emilia, kada ka dube ni haka. Ka san gwiwa na. Bayan gida a waje, ruwa na zuba, ni da sanda. Yaro ɗaya ne da ni, ya ce in ban yarda ba ba zai ƙara kawo yaran shi su kwana ba. In yi yaya?"

Na ce, "Ki faɗa mata gaskiya. Abin da za ki yi ke nan."

"Da na faɗa, Mama Oge zai yi kuka. In ya yi kuka ba zan iya ba."

Na ce, "Ai kin iya." Na zare hannuna na tafi. Na san gwiwa na ciwo, nawa ma suna yi, na san zafin a raba mutum da jikoki. Da ta leƙo ta tagar gishiri ta faɗi wannan maganar, na rantse Mama Oge za ta yi kukanta ta gama ta ce a yi. Matar da ta baro kabarin mijinta saboda bangonki, ita za ki yi wa dabara da jikanta?

Beraye suka fara shigowa kicin ta tagar gishiri, ruwa ma na fesowa. Meshak ya ce bari ya toshe mata, bulo ɗaya ne. Ta ce a bar shi.

Disamba ta kama. Ranar Asabar ɗin shafe duk layi aka fito da bokitai, yara na jiƙa farar ƙasa, warin kwalta ya cika ko'ina. Ina gefen Zamzam, tana nawa, muna faɗanmu na kowace shekara. Mama Oge ta fito tun da sassafe ta dama bokiti biyu kamar yadda ta saba. Ta ajiye ɗaya a ƙarshen barandarta, inda Yemima ke farawa, ta jingina sabuwar tsintsiya a jikinsa. Ta ɗora okpa a wuta. Ta zauna a kujera tana fuskantar get ɗin bene.

Rana ta ɗaga. Sau ɗaya na ga labulen ɗakin ƙasa ya motsa. Can wajen sha biyu get ya buɗe, Mama Oge ta miƙe har tana gyara ɗaurin zane. Wasu maza biyu ne suka fito da manyan robobin fenti da abin shafawa mai mirginawa.

"Mama, an ce mu yi miki fentin gida. Mai tsada ne, ruwa ba ya wanke shi."

"Wa ya ce?"

"Maman oga."

Ta koma ta zauna a hankali. Ta sa aka ba su okpa suka ci, ta ce su mayar da fentin su ce an gode. Da suka tafi na ajiye tsintsiyata na tsallaka, raina a ɓace. Na ce, "Mama, kawo in shafe miki. Kafin la'asar na gama."

Ta ce, "Kai kana da Zamzam. Wannan ba aikin ka ba ne."

Sai ta ɗauki ɗaya bokitin da tsohuwar tsintsiyarta, ta nufi lungun nan na tsakanin bango da katanga, ta shiga a karkace. Muka bar aiki muka tsaya. Ba ma ganinta sosai, sai ƙarar tsintsiya a jikin bango, shaa, shaa, da nishinta in ta miƙa hannu sama. Ta bi shuɗin falon Yemima ta shafe, ta kewaye ƙusar Kambai, ta bi baƙin hayaƙin kicin sau biyu don ya ƙi ɓoyuwa. Ta fito ta karɓi gwangwanin kwalta a hannun Zamzam, ta koma ta ja baƙin layi a gindi, a wurin da ba mai gani sai ƙadangaru. Da ta fito gabanta fari fat, bayanta duk ƙurar siminti, gwiwar hannunta ta goge tana jini.

Ta wanke tsintsiya a bakin famfo, ta ce, "Na yi nawa."

Bokitin Yemima a wurin ya wuni, ya kwana, har farar ƙasar ta daskare a ciki.

Bana ma haka aka yi. Ta dama biyu, ta shiga lungu ta fito, ɗaya bokitin ya bushe a baranda. Turmin atamfar yana cikin kabad ɗina, ta ce in ajiye kada in sa masa almakashi. Oge ta yi ta fama ta koma Kagarko, ta ƙi. Gaban gidanta kuwa damina ta yi masa zane-zane, gansakuka ta hau gindin bango, kwaltar ta ɓare. Matasan layi sun zo, ’yan cocinsu sun zo, ba wanda ta bari ya taɓa.

In ka shigo layinmu cikin Kirsimeti za ka ga tagwaye a jere farare tas, da baƙin layinsu a gindi, sai rabin gida ɗaya mai jan rufi da ya yi dauɗa. Baƙo zai ce tsohuwar ciki ce ƙazama. Mu ’yan layi ba mai faɗin haka, don duk wanda ya wuce ya san aikin wa ne ba a yi ba. Yemima ma ta sani, ta nan motar ɗanta ke bi da ita zuwa sujada kowace Lahadi.